BABI NA HUƊU: SAƁANIN RA'AYIN MASU KALLO A AREWACIN KADUNA GAME DA SABABBIN FINAFINAN HAUSA, DARAKTOCINSU DA TSAWON LOKACINSU

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin samuwar fim a ƙasar Hausa, tun daga zamanin majigi har zuwa bayyanar finafinai masu dogon zango. A wannan babi kuwa za a dubi yadda ra'ayin masu kallo ya sha bamban game da finafinan da aka fitar a 'yan shekarun nan. Za a taƙaita nazarin a kan abubuwa uku waɗanda aka fi yin musu a kansu, wato tsawon lokacin da fim yake ɗauka, da matsayin darakta, da kuma darajar sababbin finafinai idan aka kwatanta su da na da. Manufar babin ita ce a nuna cewa waɗannan muhawarori uku reshe ne na tambaya guda ɗaya, wato shin labari ne yake yanke wa fim tsawonsa, ko kuwa kasuwa ce take yanke wa labari tsawonsa?

4.1 Muhallin Nazari da Masu Kallonsa

Abin da ake nufi da arewacin Kaduna a wannan nazari shi ne ɓangaren garin da yake arewa da Kogin Kaduna. Wannan ya haɗa da unguwanni irin su Kawo da Unguwar Dosa da Badarawa da Malali da Unguwar Rimi da Unguwar Sarki da Unguwar Shanu da Abakwa, har zuwa Tudun Wada da Rigasa, duk da cewa a tsarin mulki waɗannan biyu na ƙarshe ba a ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa suke ba. Tun bayan rikice-rikicen shekarun 2000 da 2002, mafi yawan Hausawa da masu jin Hausa a matsayin harshen yau da kullum sun fi taruwa a wannan ɓangare, saboda haka nan ne babbar kasuwar fim ɗin Hausa a garin.

Kaduna ba baƙuwa ba ce a harkar fim. A nan ne Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim a shekarar 1999, wadda ta buɗe wa masu kallo filin rubuta wasiƙu suna yabo ko suka. A nan ne kuma Yakubu Lere ya shirya fim ɗin Wasila a 2000, wanda Ishaq Sidi Ishaq ya ba da umarninsa. Gidan talabijin na DITV ya fara aiki a garin tun 1994, sa'annan an fara bikin baje kolin finafinai na ƙasa da ƙasa na Kaduna a 2018. Haka kuma fitattun 'yan wasa kamar Adam A. Zango da Rahama Sadau da Umar M. Shareef duk suna da alaƙa ta kusa da garin. Wannan ya sa mai kallo a Kaduna yake jin yana da haƙƙin tofa albarkacin bakinsa, domin kuwa yakan ɗauki harkar a matsayin ta gida. Wuraren da ake tafka irin wannan musu su ne majalisun samari da teburan masu shayi da shagunan tura finafinai a waya da gidajen biki, sai kuma kafofin sadarwa na zamani.

4.2 Tushen Saɓanin: Gadon Kallo Iri Uku

Kafin a shiga cikin ra'ayoyin, ya kamata a fahimci cewa masu kallo a Kaduna ba makaranta ɗaya suka yi ba. Akwai gadon kallo iri uku da suka gina musu ma'aunin da suke auna fim da shi, kuma kowane gado yana da nasa tsawon lokaci.

4.2.1 Gadon Wasan Talabijin

Na farko shi ne gadon wasannin kwaikwayo na gidan talabijin na NTA Kaduna, irin su Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, da Karambana na Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017. Waɗannan wasanni gajeru ne, kimanin rabin awa, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ake ƙulla matsala a warware ta. Taurarin sukan dawo mako mai zuwa da halayensu, amma labarin wannan mako ya riga ya ƙare. Wanda ya tashi da irin wannan kallo ya saba da a ba shi labari cikakke a zama ɗaya.

4.2.2 Gadon Fim ɗin Indiya

Na biyu shi ne gadon finafinan Indiya da aka riƙa nunawa a gidajen sinima na Arewa tun wajen shekarun 1950. Brian Larkin ya yi bayanin yadda Hausawa suka karɓi waɗannan finafinai hannu bibbiyu saboda sun ga rayuwar da ta yi kama da tasu ta fuskar kunya da auren dole da biyayya ga iyaye. Abin lura a nan shi ne tsawonsu. Mother India na 1957 ya kusa awa uku, Sholay na 1975 ya haura awa uku, Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001 kuwa ya kai awa uku da rabi. Wannan gado bai mutu ba, domin kamfanoni irin su Algaita suna fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, matasa kuma suna zama su kalle su tun daga farko har ƙarshe. Saboda haka ba daidai ba ne a ce Bahaushe ba ya jure dogon fim. Ko Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976, minti 142 ne.

4.2.3 Gadon Kaset da Faifai

Na uku shi ne gadon bidiyo, wanda ya fara da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990. A nan ne aka fara ganin yadda mazubi yake yanke wa labari hukunci. Kaset ɗin bidiyo yakan ɗauki har awa uku, amma da 'yan kasuwa suka lura ribar kaset biyu ta fi ta ɗaya, sai aka shiga raba fim zuwa na ɗaya da na biyu. Da faifan sidi ya shigo, wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti 80, sai rabawar ta zama dole, har wani fim ya kai na uku da na huɗu. Waƙoƙi ma sun shiga wannan lissafi, musamman bayan karɓuwar Sangaya a 1999, domin waƙa uku ko huɗu suna cike wani kaso mai yawa na faifai ba tare da an ƙara ko layi ɗaya a labari ba. Tun a wancan lokaci masu kallo suka fara ƙorafin cewa ana sayar musu da labari ɗaya sau biyu.

4.3 Saɓani a Kan Tsawon Lokaci

Kasuwar faifai ta durƙushe saboda satar fasaha da yaɗuwar wayar hannu. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, sa'annan Kwana Casa'in a 2019. A shekarar 2020, lokacin da dokar kulle saboda annobar korona ta tsare mutanen Kaduna a gida daga ƙarshen Maris zuwa Yuni, sai fim mai dogon zango ya samu kasuwar da bai taɓa samu ba. A wannan shekara ce Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira suka fito. Daga nan ne musun tsawon lokaci ya ɗauki sabon salo.

4.3.1 Masu Goyon Bayan Dogon Zango

Masu wannan ra'ayi, waɗanda matan aure da 'yan mata suke da yawa a cikinsu, suna kafa hujja da abubuwa uku. Na farko, dogon zango yana ba tauraro damar ya girma a idon mai kallo har a san shi kamar ɗan gida. Suna ba da misali da Baba Ɗan Audu na cikin Labarina, wanda Rabi'u Rikadawa ya fito a matsayinsa. A ganinsu, da a fim ɗin awa biyu ne, da ba za a ga komai a wannan tauraro ba sai son kuɗi da wayo, amma da aka daɗe tare da shi sai aka gane raunin da ke bayan wayon. Na biyu, jiran mako yana haifar da hira, domin kowa yana hasashen abin da zai faru, kuma wannan hira wani ɓangare ce ta jin daɗin kallo. Na uku, dogon zango ya mayar da kallo cikin gida, inda uwa da 'ya'ya suke zama tare a gaban akwati ɗaya, abin da gidan sinima bai taɓa ba matan Hausawa ba.

4.3.2 Masu Sukar Dogon Zango

Masu suka kuwa, waɗanda ɗalibai da ma'aikata da tsofaffin masu kallon sinima suka fi yawa a cikinsu, suna cewa mafi yawan waɗannan finafinai jan lokaci kawai suke yi. Abubuwan da suka fi nunawa da yatsa su ne doguwar gaisuwa da ake yi a kowace fitowa, da nuna mota tun daga buɗe ƙofar gida har ta ɓace a kwana, da maimaita wa wani tauraro labarin da mai kallo ya riga ya gani da idonsa, da dawo da tsohuwar fitowa da sunan tunani, da kuma tallace-tallacen magunguna da kayan mata da ake cusawa a tsakiyar labari. Akwai kuma batun aljihu. Wanda yake kallo a waya da kuɗinsa yake sayen data, kuma a farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Ke nan minti goma na gaisuwa ba lokaci kaɗai yake ci ba, har da kuɗi.

4.3.3 Tarken Ra'ayoyin Biyu

Idan aka yi la'akari da hujjojin ɓangarorin biyu, za a ga cewa ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Na farko suna kare tsawon da yake ƙara wa labari nauyi, na biyu suna sukar tsawon da yake ƙara wa mai shiri kuɗi. Dukansu suna da gaskiya, amma kalmar tsawo ta haɗe musu abubuwa biyu mabambanta.

Dalilin jan lokaci a bayyane yake ga wanda ya san yadda kuɗi suke shigowa. Tashar YouTube ba ta fara samun kuɗin talla sai ta tara masu bi 1,000 da kuma awa 4,000 na kallo a cikin shekara, kuma bidiyon da ya kai minti takwas ne ake iya sanya masa talla a tsakiya. Wato ke nan abin da ake saye a wannan kasuwa shi ne mintin da mai kallo ya zauna, ba kyawun ƙullin labari ba. Haka nan gidan talabijin yana sayar da fili ne a kan zango mai mako 13. Idan labari ya karɓu, kashe shi asara ne ga mai shiri da mai talla baki ɗaya. Abin da faifan sidi ya yi wa fim a da, shi ne intanet take yi masa, sai dai shi faifai yana da iyaka, ita kuwa ba ta da shi.

A nan ne ya dace a waiwayi adabin gargajiya. Tatsuniya, komai tsawonta, tana da ƙurunƙus, kuma mai ba da ita ya san inda za ta tsaya tun kafin ya buɗe baki. Magana Jari Ce na Abubakar Imam misali ne mafi kusa da fim mai dogon zango, domin aikin aku a littafi na ɗaya shi ne ya ja lokaci da gangan don ya hana ɗan sarki fita. Duk da haka kowane labari da ya bayar yana da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma babban labarin da ya ɗauko su shi ma yana da ranar ƙarewa. Aku ya ja lokaci, amma bai taɓa cika shi da iska ba. Wannan shi ne bambancin da ke tsakanin jan rai da jan lokaci. Jan rai yana sa mai kallo ya matsu ya ga abin da zai biyo baya, jan lokaci kuwa yana sa ya riƙa tura hoton gaba da yatsa.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan finafinan da ake musu a kansu, sakamakon ba ɗaya ba ne. Kwana Casa'in ya fi sauran tsira a zangunansa na farko, saboda sunansa da jigonsa sun ɗaure shi da wa'adi. Siyasar jihar Alfawa da gwagwarmayar Gwamna Bawa Maikada, wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa, suna tafiya ne zuwa ga wata rana sananniya, don haka kowace fitowa tana da inda ta dosa. Izzar So ya yi ƙarfi wajen jigon riƙon amana da gaskiya a wurin aiki ta bakin Umar Hashim, kuma wannan ne ya jawo masa ɗimbin masoya. Rauninsa shi ne bayan ya haura kashi ɗari, sai makirci ya riƙa bin makirci a zubi iri ɗaya, nasiha kuma ta riƙa tsayar da tafiyar labari maimakon ta fito daga cikinsa. Labarina kuwa shi ne ya fi nuna haɗarin labarin da ya fi ƙarfin wa'adinsa. Tun labarin Sumayya bai kai gaci ba Nafisat Abdullahi ta bar shirin, aka maye gurbinta da Fati Washa, kuma daga baya aka buɗe sabon labari da Sadiq Sani Sadiq a ƙarƙashin suna ɗaya. Masu kallo sun rabu a kan wannan mataki. Wasu sun ga an ci amanar shekarun da suka yi suna bibiya, wasu sun ga dabara ce ta tsira. A mahangar wannan nazari, buɗe sabon labari a ƙarƙashin tsohon suna ya fi kusa da tsarin Magana Jari Ce, kuma ya fi a ci gaba da jan labarin da ya riga ya gaji.

4.4 Saɓani a Kan Daraktoci

A zamanin kaset, mai saye yakan tambayi sunan ɗan wasa ne ko sunan waƙa, ba kasafai yake tambayar wanda ya ba da umarni ba. Ɗaya daga cikin sauye-sauyen da aka samu shi ne yadda sunan darakta ya zama abin musu a majalisa. Wannan ci gaba ne, domin yana nuna mai kallo ya fara gane cewa akwai hannun da yake bayan abin da yake gani.

Masoyan Aminu Saira suna yaba masa da tsabtar hoto da natsuwar fitowa da kuma iya fitar da gwanintar ɗan wasa. Masu sukarsa suna cewa wannan natsuwa takan zarce ta koma nawa. Masoyan Ali Nuhu, wanda ya ba da umarnin Mansoor a 2017, kuma aka naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Janairun 2024, suna yaba masa da fito da sababbin fuskoki da iya tsara labarin soyayya. Masu sukarsa suna cewa inuwar Indiya ba ta rabuwa da aikinsa. Falalu A. Ɗorayi, mai Gidan Badamasi, ana yaba masa da iya sarrafa taron 'yan wasa masu yawa a fitowa ɗaya da kuma barkwancin da yake fitowa daga hali ba daga ihu ba. Yaseen Auwal, wanda ya ba da umarnin Rariya a 2017 da Mati a Zazzau a 2020, yana da farin jini a wurin masu son fim ɗin zama ɗaya. Akwai kuma matasa da suke fifita irin Gwaska na Adam A. Zango saboda faɗa da saurin tafiya, waɗanda ba su da haƙurin doguwar magana ko kaɗan.

Sai dai akwai rauni biyu a wannan muhawara. Na farko, sau da yawa ba aikin ake aunawa ba, mutumin ake bi. Wanda ya ɗauki wani darakta ko ɗan wasa a matsayin gwaninsa yakan ɗauki duk wata suka a matsayin gaba, kamar yadda magoya bayan ƙungiyoyin ƙwallo suke yi. A wasu lokuta har ɓangarancin gari yakan shigo, a ce wannan na Kano ne, wancan namu ne na Kaduna. Irin wannan ba tarke ba ne, kuma ba ya amfanar kowa, har shi wanda ake karewa.

Rauni na biyu ya fi zurfi. Masu kallo suna ɗora wa darakta alhakin abin da sau da yawa ba shi ne ya yanke ba. Yawan kashin da za a yi da mintin da kowane kashi zai ɗauka da wurin da talla za ta shiga, duk mai kuɗin shiri ne da gidan da zai nuna suke da ta cewa a kansu. Marubuci da mai tace hoto kuwa, waɗanda su ne suke riƙe da linzamin saurin labari, da wuya a ji sunansu a bakin masu musu. Alhali kuwa fitowar da ta yi tsawo, ko dai marubuci ne ya rubuta ta haka, ko mai tacewa ne ya ƙi yanke ta, ko kuma an hana shi yankewa don a cika lokaci. Saboda haka darakta ba ya cancantar yabo ko zargi a kan tsawon fim sai gwargwadon ikon da yake da shi a kansa. Inda darakta shi ne mai kamfani, kamar yadda yake a Labarina, alhakin nasa ne kacokan. Inda kuwa ɗauko shi aka yi haya, adalci shi ne a raba alhakin.

4.5 Saɓani a Kan Sababbin Finafinai da Na Da

Muhawara ta uku ita ce ta tsakanin masu cewa fim ya lalace da masu cewa yanzu ne ma aka fara fim. Masu kewar da suna ambaton Sangaya da Wasila, suna cewa duk da raunin na'ura, labarinsu yana zaune a zuciya, kuma mutum yana iya ba da shi a cikin minti biyar. Masu fifita na yanzu suna nuni da ingancin hoto da sauti, da raguwar rawa da waƙa, da kuma faɗaɗar jigo zuwa siyasa da shaye-shaye da almajiranci da halin da mata suke ciki, kamar yadda aka gani a Manyan Mata.

Finafinai biyu sun ƙara fito da wannan saɓani fili. Na farko shi ne Amina na Izu Ojukwu, wanda aka saki a Netflix a Nuwamban 2021. Da yake labarin Sarauniya Amina ta Zazzau ne, mutanen jihar Kaduna sun ɗauke shi da muhimmanci. An yaba da girman aikin, amma an soki yadda aka gina shi da Ingilishi da kuma yadda sutura da al'adun fada ba su yi kama da na Hausawa ba. Na biyu shi ne Mai Martaba na Prince Daniel, wanda Adam A. Zango ya fito a ciki, kuma Nijeriya ta miƙa shi gasar Oscar a 2024, ko da yake bai shiga jerin waɗanda aka tace ba. Wasu sun yi alfahari da cewa fim ɗin Hausa ya wakilci ƙasa, wasu kuma sun yi ƙorafin cewa an yi shi ne domin idon waje, tun da talakan da yake kallo a waya bai samu ganinsa a lokacin da ake ta maganarsa ba.

Abin da za a fahimta a nan shi ne, fim ɗin zama ɗaya ya rasa gida. Faifai ya mutu, sinima kuma ba ta isa ga yawancin jama'a ba saboda tsada da ƙarancinta. Wannan ya sa mai kallo a Kawo ko Rigasa ba zaɓi yake yi tsakanin dogon zango da gajeren fim ba, abin da ya iso wayarsa shi yake kallo. Ke nan rinjayen dogon zango ba hujja ba ce cewa shi jama'a suka fi so. Haka kuma kewar da ake yi wa finafinan da, idan aka tone ta, mafi yawanta kewar labari mai ƙarshe ce, ba kewar kaset ba.

4.6 Ma'aunin da Ya Dace

Bisa ga abin da ya gabata, ana iya fitar da ma'auni uku da za su taimaka wa mai tarke ya wuce matakin so da ƙi. Na ɗaya, a dubi kowace fitowa a tambaya, idan aka cire ta, me labarin zai rasa? Idan ba zai rasa komai ba, to ciko ce, ko da minti ɗaya ce. Na biyu, a dubi ko akwai alamar cewa marubuci ya san ƙarshen labarinsa tun daga farko, wato ko abubuwan da aka shuka a kashin farko su ne ake girba a na ƙarshe. Na uku, a tantance wanda yake da ikon yanke tsawon kafin a ɗora alhaki. Da wannan ma'auni, fim ɗin awa uku yana iya zama gajere, na minti arba'in kuma ya zama dogo. Hausawa sun riga sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Abin da ke cikin haɗari ba ƙarami ba ne. Mai kallon da yake tura hoto gaba yau, gobe yana iya barin shirin gaba ɗaya, kuma fassarar Indiya tana jiransa a shagon da yake tura finafinai, da harshensa, da labari mai ƙarshe. Idan haka ta faru, asarar ba ta masu shiri kaɗai ba ce, domin fim yana daga cikin manyan hanyoyin da matasa suke jin Hausa ana sarrafa ta a kan rayuwarsu ta yau.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bayyana saɓanin ra'ayin masu kallo a arewacin Kaduna game da tsawon fim da daraktoci da kuma sababbin finafinai. An nuna cewa saɓanin ya samo asali daga gadon kallo iri uku, wato na wasan talabijin da na fim ɗin Indiya da na kaset. An kuma nuna cewa tun daga 1990 mazubin da ake sayar da fim a cikinsa ne yake yanke masa tsawo, kuma abin da masu kallo suke ƙi ba tsawo ba ne, ciko ne da rashin ƙarshe. Har ila yau an nuna cewa ɗora wa darakta shi kaɗai alhakin wannan matsala bai cika adalci ba, matuƙar ba a dubi marubuci da mai tacewa da mai kuɗin shiri ba. A babi na gaba za a kawo taƙaitawar aikin baki ɗaya tare da shawarwari.